Robar Shaf da Gugan Inna

Tun da damina ta sauka bana na kasa zama wuri ɗaya. Ba ciwo nake yi ba, kuma ba wani ne ya ɓata mini rai ba. Tsohuwar motata ce mai jan ƙafa huɗu ta fara wani ƙara idan na karya kwana, ƙas-ƙas-ƙas, kamar ana tauna aya a ƙarƙashin ƙafata. Na durƙusa na leƙa bayan tayar gaba, na ga abin da kunnena ya riga ya gaya mini. Robar shaf ta yage. Shaf shi ne sandan ƙarfen da ke kai ƙarfin inji zuwa taya, a kansa kuma akwai gaɓa mai juyawa, wadda ake cika wa giris a rufe da baƙar roba mai ninki-ninki don kada yashi ya shiga. Tawa ta tsage gida biyu, giris ya fantsama ko'ina, laka ta maye gurbinsa. Tun daga ranar, in na zauna a zaure sai in miƙe, in na ɗauki carbi sai in tsinci kaina a gindin motar ina shafa taya.

Ɗana Nasiru ya zo daga Gaya ya same ni na baje sifanu a tsakar gida. Ya tsaya yana kallona, waya a hannu.

“Baba, don Allah ka bar wahalar nan. Yanzu ba a buɗe kan shaf. Cire shi ake yi dungurungum a sa wani. In kira bakanike ya zo ya ɗauke ta?”

Na ce, “Roba ce ta mutu, ba ƙarfe ba.”

Ya ce, “To ai hannunka rawa yake yi.”

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa abin ya ƙara hana ni sukuni. Ban yi fushi da shi ba. Yaron ya tashi a lokacin da ba a buɗe cikin komai. Rediyo ta lalace a jefar, fitila ta mutu a sayo wata, har tukunya ma ba na jin ana kai ta a liƙe. Mu kuwa a hannun mutanen da ba sa yarda abu ya mutu sai sun ga cikinsa da idonsu muka tashi. Na sa shi dai ya taya ni jera bulo da gungume a ƙarƙashin motar, a kan daɓen siminti, na girgiza ta da kafaɗa har sau nawa kafin in yarda in kusance ta. Ya yi dariya ya ce ko babbar mota ce aka ɗora a nan ba za ta motsa ba. Bai san dalilina ba, don ban taɓa zaunar da shi na ba shi labarin yadda ya kamata ba.

A ƙauyenmu, can gefen Toranke, mota ɗaya ce tak lokacin da nake saurayi, ta yayana Haladu. Tsohuwar jip ce ta masu aikin gona da aka yi gwanjonta, ya kawo ta gida ana tura ta, ya yi ta fama da ita har ta tashi. Da rani kowace mota na iya zuwa garinmu, amma da zarar ruwa ya zauna, kwarin da ke tsakaninmu da babbar hanya sai ya zama laka zalla, ba mai ƙetare shi sai ita. Ita ce ta kasuwa, ita ce ta kai amarya, ita ce ta asibiti. Tun tana nesa ake gane kukanta. Mata su ɗaga kai daga bakin turmi, yara su zubar da abin da ke hannunsu su ruga. Har yanzu in na rufe ido ina jin asubahin gidanmu: luguden daka daga maƙwabta, ƙarar guga yana faɗawa rijiyar tsakar gida, zabi suna ta surutu a bayan danga, sannan tarin motar Yaya sau biyu kafin ta kama. Yanzu asubahin ƙauye ƙarar babura ne da injin niƙa. Kwarin ma an yi masa kwalbati, yaran yanzu suna wucewa a guje ba su san an taɓa kwana a wurin ana haƙar taya ba.

Ni a lokacin ba na ƙaunar motar nan. Hankalina yana Kano. Abokaina biyu sun tafi sun dawo da agogo da wando mai faɗin ƙafa, ni ina nan ina wanke noti a kananzir. Kullum cewa nake da kaka zan tafi. Yaya ba ya yi mini gardama, sai dai ya miƙo mini tsumma ya ce, “Kafin ka tafi goge mini wannan.” Mutum ne mai sanyin magana da taurin kai. Ba ya kai mota gareji, a tsakar gida yake kwance ta, gidan duka kuma ya shiga aikin. Matarsa Hajara ta ba da tsohon kwanon sha a zuba kananzir, a shimfiɗa buhu a jera ƙarafa bi da bi yadda aka ciro su, a kori kaji kada su tona. Yakan ce, “Duk abin da ka kwance, ka ajiye shi yana kallon inda ya fito.” Yakan kuma ce giris ba ƙazanta ba ne, yashi ne ƙazanta. Mahaifiyarmu, Inna, ba ta sa baki. Yaya ɗan farinta ne, kunyarsa take ji irin ta mutanen da. Ba ta kiran sunansa, ba ta zama inda yake zaune, ko abinci za ta aika masa sai ta ce da ni, “Auta, kai wa yayanka.”

Ranar da abin ya faru, an kwana ana ruwa, gari ya waye da rana mai zafi irin wadda ke kiran wani ruwan. Yaya ya sayo sabuwar roba tun ranar kasuwar Gaya, don ta tayar gaba ta hagu ta yage kuma shaf ya fara ƙara. Ya ce yau za a sa ta kafin a sake shiga kwari. Muka ɗaga motar da jak, ya tokare ta da gungumen kirya kamar yadda ya saba, muka cire taya, muka zaro shaf. Ya yanke tsohuwar robar da wuƙa, ya buge kan shaf ya fita, ya wargaza shi a cikin kwano. Akwai ƙoƙon ƙarfe, a cikinsa wani zobe mai tagogi da yake ce wa keji, da ƙwallaye shida masu sheƙi, da uwar da suke gudu a kanta. Ya bar ni ina wanke su, shi kuma ya kwanta ya shige ƙarƙashi don ya duba ramin da shaf ke shiga, ƙafafunsa a waje.

Ban ji wani babban ƙara ba. Wani nishi kawai ƙasa ta yi. Ashe a wurin akwai tsohon ramin da aka ɗebi ƙasar gini aka cike tun muna yara, ruwan daren ya jiƙa shi har ciki. Gungumen ya nutse ya kwanta, jak ya goce, motar ta sunkuyo ta zauna a kan ƙafarsa ta hagu. Sai na ji muryarsa daga ƙasa, ba ihu ba, salati.

Ihun Hajara ne ya tara mutane. Maza suka baro gonaki da fartanya a hannu. Aka zaro azara daga rumfa aka zura ƙarƙashin motar, aka danna, muka jawo shi. Da na ga ƙafar sai na kau da kai. Ƙashin ya huda fata ya fito ƙasa da gwiwa, jini yana bin ƙasa yana haɗuwa da kananzirin da ya zube. Aka ruga aka kira Malam Idi maɗori, dattijon da duk karayar yankinmu ke bi ta hannunsa. Ya ɗaure cinyar da rawaninsa, ya duba, ya girgiza kai.

“Wannan ba tawa ba ce. In na ɗora a haka, ruɓewa za ta yi. Ku kai shi Gaya, yanzu.”

Kowa ya juya ya kalli motar. Tana durƙushe a kan ƙafa uku, hanjinta a cikin kwano. Wani ya ce a ɗaura shanu a amalanke. Wani ya ce amalanken da ya shiga kwari ranar kasuwa har yanzu yana ciki. Babu waya a lokacin, babu wanda za a kira. Gabas kuma ta fara haɗa baƙi.

Yaya yana kwance a tabarma a gindin bango, fuskarsa ta yi toka. Ya ɗaga yatsa ya kira ni.

“Auta, haɗa ta.”

Na ce, “Yaya, ban taɓa haɗawa ba. A mayar da tayar haka nan ba shaf, mu tafi da jan tayoyin baya kawai.”

“In gaba ba ta ja, a kwari za mu kwana. Jawo buhun nan kusa da ni in gani.”

Aka sake ɗaga motar, wannan karon aka shimfiɗa ƙyauren ƙofa a ƙasa aka ɗora turame biyu. Ni kuma na durƙusa a gabansa da kwano. Ya ce in sa uwar cikin keji, in sa kejin cikin ƙoƙo, in karkata shi gefe har taga ɗaya ta leƙo, in jefa ƙwallo. Na jefa. Ya ce in karkata ɗaya gefen. Ƙwallo ta uku ta suɓuce mini ta gangara cikin yashi, mutane suka bi ta kamar masu kamun ɓera. Aka kawo mini ita, na kai hannu zan sa.

“Wanke ta.”

“Yaya, jini kake zubarwa!”

“Na sani, nawa ne. Wanke ta.”

Na wanke ina kuka, ban ma san ina yi ba sai da na ji gishiri a bakina. Tsakanin magana da magana yakan yi shiru ya rufe ido, sai Malam Idi ya shafa masa ruwa a fuska ya dawo. Na cika ƙoƙon da giris da yatsuna har ya yi ambaliya. Na ɗauki shaf na soka a ciki, na ɗora katako na buga da guduma, ya shige da ƙara. Na miƙe da gudu zan nufi mota.

Sai na ji muryar Inna a bayana. Duk wannan abin tana tsaye a bakin madafa, ba ta matso ba, ba ta yi kuka ba, ba ta ko kalli inda ɗanta yake kwance ba. Ashe hannuna take kallo.

“Auta, wannan baƙar abar fa da ke kan buhu? Na ga kullum ita yake fara zurawa.”

Sabuwar robar ce. Ita ake fara zurawa a jikin sandan kafin a sa kai, in kai ya shiga ba ta da hanyar wucewa. Na tsaya da shaf a hannu kamar in haɗiye zuciya. Na ce a bar ta, tafiya ɗaya ce, in mun dawo a sa. Mutane da yawa suka ce haka ne. Yaya ya buɗe ido.

“Lakar kwari za ta cika shi kafin mu kai tsakiya. In ya cije a cikin ruwa, wa zai fito da mu? Buge shi ya fita.”

Ban taɓa jin haushin mutum kamar yadda na ji nasa a wannan lokacin ba. Na buge kan da duk ƙarfina har ya fita, na zura robar, na mayar da shi, na ja bakinta ta rufe ƙoƙon. Saura ɗauri. Robar ta zo da maɗauran ƙarfe guda biyu, sirara. Ƙaramin ya kama lafiya. Babban, ina ja da filaya, ya ɓalle gida biyu. Tsohon kuwa Yaya ya riga ya datse shi da safe. Aka shiga neman wayar ƙarfe, wani ya kawo igiyar rama, Yaya ya ce ruwa zai sassauta ta. Iska ta fara kaɗa ganyen darbejiya, an yi tsawa ta farko.

Inna ta taka zuwa bakin rijiya. Gugan gidanmu na robar cikin taya ne, shi kaɗai muke da shi. Ta jawo shi ta zubar da ruwan, ta sa wuƙar yankan kuɓewa ta zagaye bakinsa, ta fitar da dogon zare mai faɗin yatsa. Ta zo ta durƙusa kusa da ni, dab da tabarmar da bisa al'ada ba za ta kusanta ba, ta ce in riƙe mata. Ta ja zaren har ya yi siriri, ta naɗa, ta sake naɗawa, tana danne kowane zagaye da babban yatsa yadda take ɗaure bakin tulun man shanu, ta soke ƙarshen a ƙarƙashi ta ƙulle. Yaya ya miƙo hannu ya murɗa robar, ba ta motsa ba. Ya ce, “Ya yi, Inna.” Ta miƙe ta koma bakin madafa.

Sauran aikin da taimakon mutane na yi shi. Na zura shaf ya zauna, na ɗaure manyan notuna, wani ƙato ya hau kan sifana da ƙafa, aka mayar da taya, aka sauke mota. Aka cire kujerar baya aka kwantar da Yaya a kan katifa, Malam Idi da Hajara suka shiga tare da shi. Sai a lokacin na tuna babu direba. Ni iyakar tuƙina filin makarantar firamare, in zagaya in dawo. Na tsaya riƙe da ƙofa. Inna ta zo ta tsaya a gabana, hannunta baƙi ƙirin da giris.

“Auta, ka kai mini Haladu.”

Tun da aka haife ni ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Na shiga na tayar da mota.

Ruwa ya same mu kafin mu fita daga gonaki. Gero ya yi tsawo a gefen hanya, iska tana kwantar da shi a gabanmu, abin share gilashi ɗaya ne ke aiki. Ina ta kasa kunne in ji ko shaf zai yi ƙara, ban ji komai ba. Da muka iso bakin kwari na taka birki. Ruwa ja yana gudu, ga amalanken nan a karkace a gefe. Daga bayana Yaya ya yi magana, muryar can ƙasa.

“Ja ƙaramin sandan giya baya, tayoyin gaba su kama. Sa lamba biyu. Bi ta hannun dama, kusa da tsamiya. In ka shiga kada ka ɗaga ƙafa, kada ka taɓa kuloci, ko me ka ji.”

Na shiga. Motar ta nutse har na ji ruwa yana dukan ƙasan ƙafata. Ta yi wutsil-wutsil, bayanta ya zame gefe, Hajara tana ta salati. A tsakiya ta tsaya cak tana kuka, tayoyin baya suna juyawa a banza, ƙafata tana roƙona in ɗaga. Ban ɗaga ba. Sai na ji gaba ta kama wani abu mai tauri, ta ciza, ta ja mu kaɗan, ta sake ja, muka haura tudu laka tana zuba daga jikinmu. Na yi ihu na ce, “Yaya, mun fita!” Bai amsa ba. Malam Idi ya ce, “Tuƙa, yaro, kada ka waiwayo.” Daga nan har Gaya ban san yadda na yi ba. Na dai san na shiga ƙofar asibiti ban iya tsayar da motar daidai ba, sai da ta mutu da kanta.

Sun karɓe shi, sun ƙara masa jini, nawa ma an ɗiba. Ma'aikacin da ya fito ya ce mana da mun ƙara jimawa da sai dai wani zancen. Ƙafar ba a yanke ta ba, amma gwiwar ta sandare, ba ta ƙara lanƙwasuwa ba. Ya daɗe a kwance, har aka yanke gero aka ɗaure. A tsawon wannan lokacin ni ne mai kai abinci, ni ne mai kai mutane kasuwa, don gidan da motar yake ci. Kakar da na ce zan tafi Kano ta zo ta wuce ina kan hanya tsakanin ƙauyenmu da Gaya. Ban ce na fasa ba, ban kuma tafi ba. Wani lokaci har yanzu nakan tambayi kaina wane irin mutum zan zama da na tafi, sai in tashi in nemi abin yi.

Ranar da aka sallame shi na wanke motar na kawo ta bakin ƙofa. Ya fito yana dogara sanda, ya rame, gemunsa ya yi tsawo. Bai gaishe da kowa ba sai da ya zagaya wajen tayar hagu. Ya ba Hajara sandan, ya dafa jikin motar, ya sunkuya da ƙyar da ƙafarsa miƙe, ya zura hannu ya taɓa robar. Ɗaurin Inna yana nan. Ya duba yatsunsa, babu giris, babu yashi. Ya gyaɗa kai.

Daga nan ya karɓi sandansa ya nufi ƙofar direba, yadda ya saba tun ranar da ya kawo motar gida. Ya buɗe. Ya tsaya yana kallon abubuwan takawan nan uku da ke ƙasa, ya kalli ƙafarsa ta hagu, wadda ke taka kuloci. Ni ina bayansa da makulli a hannu, na rasa inda zan sa idona. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya rufe ƙofar a hankali, ya bi ta gaban motar yana ɗingishi, ya buɗe ɗaya gefen, ya ɗaga ƙafar da hannu biyu ya shigar da ita.

Ya ce, “Auta, me kake jira? Kai mu gida.”

A wannan gefen ya zauna har ƙarshen ransa, Allah ya jiƙansa.